Jirgin Yaƙi Mai Kai Biyu: Yadda Fenti Ke Ruɗa Abokin Gaba a Sama

Tun da jiragen yaƙi suka mayar da sararin Katsina hanyarsu ta zuwa dajin Rugu, mutanen gari sun koyi ɗaga kai. Yaro a Ƙofar Ƙaura yana bambance ƙarar jet da ta mai saukar ungulu tun kafin ya hango komai, kuma a majalisun dare ba a rasa mai tambayar dalilin da ya sa jiragen da aka zuba wa maƙudan kuɗi ba su samu fentin kirki ba, wani ruwan toka, wani dabbare-dabbare. Amsar da aka saba bayarwa ita ce don su ɓuya. Gaskiya ce, amma ba ta ƙare zancen ba. Akwai fentin da ba ruwansa da ɓoye jirgi. Ya yarda a ga jirgin sarai, buƙatarsa kawai wanda ya gani ya yi masa gurguwar fahimta.

Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne na jiragen CF-18 na sojan saman Kanada, waɗanda suka fara aiki a 1982. Duk wanda ya duba hoton ɗayansu daga ƙasa zai ga wani baƙin zane mai tsawo a ƙarƙashin hancinsa, daidai saitin inda matuƙi ke zaune. Ba datti ba ne, ba inuwa ba ce. Hoton murfin gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi ne aka zana da gangan, girma ɗaya, siffa ɗaya da na gaskiyar da ke sama. Wato jirgin yana da kai biyu, ɗaya na gilashi, ɗaya na fenti. Wasu jiragen A-10 na Amurka suna ɗauke da irin wannan zane, haka ma Gripen na ƙasar Hangari, da Cheetah da Afirka ta Kudu ta yi amfani da su a da.

Kafin a gane amfanin wannan, sai an san yadda jirgin yaƙi ke shan kwana. Ƙarfin da fukafukai ke samarwa kullum gefe ɗaya yake turawa, wajen gadon bayan jirgi, inda kan matuƙi yake. Saboda haka idan matuƙi na son komawa hagu, sai ya mirgina jirgin har bayansa ya fuskanci hagu, sannan ya jawo sandar tuƙi zuwa jikinsa. Zai iya yin akasin haka, ya tura sandar gaba jirgin ya bi wajen cikinsa, amma jikin ɗan Adam ba ya lamunta. In an ja baya, jini ƙafa yake gangarawa, kuma horarren matuƙi sanye da wandon da ke matse masa cinyoyi da ciki yana iya jure nauyin jikinsa ya ninku har sau tara na ɗan lokaci. In an tura gaba kuwa, jinin kai yake haurawa, da ya kai ninki uku ido ya kaɗa ya yi ja, gani ya fara ɗaukewa. Don haka kowane matuƙin yaƙi a duniya ya san abu guda: inda gilashin abokin gaba ya kalla, nan zai nufa.

Matsalar ita ce daga nisan kilomita uku ko huɗu jirgi ɗan ɗigo ne, kuma siffar fukafukansa ɗaya ce ko ta sama aka gan shi ko ta ƙasa. Mai kallon ma ba a natse yake ba. Nauyi ya danne shi a kujera, wuyansa a murɗe yana waiwaye, rana na haske masa ido. Abin da ya rage masa na shaida shi ne wancan baƙin tabo na gilashi. Idan ya gan shi, jirgin wajensa yake juyowa, faɗa ne. Idan bai gani ba, ciki yake kallo, jirgin bauɗewa yake yi. To yanzu tabon ya zama biyu. A ɗauka ɗan dambe ya shigo fili an naɗe masa hannu biyu iri ɗaya, kuma ba a san shi ba balle a ce bahago ne. Abokin karawarsa zai gano hannun dukan, ba shakka, sai dai mai yiwuwa a haƙarƙarinsa zai gano.

Ruɗin ba ya daɗewa. Sakan ɗaya ne, wani lokaci bai kai ba, daga nan ido zai kama jela ko makaman da ke rataye ya gyara kuskurensa. Amma a yi lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a sakan ɗaya, in biyu suka fuskanci juna tazararsu na raguwa da mita 500. Jirgi irin F-16 yana iya karkata kusan digiri 20 a sakan. Matuƙin da ya ɓata sakan guda yana jan jirginsa ta inda ba nan ba, alhali abokin gaba ya bi ɗaya ɓangaren, ya yi asarar kusan digiri 40, kuma a irin wannan kokawa wanda ya riga zagayowa bayan ɗan'uwansa shi ke da harbi. Kanar John Boyd na sojan saman Amurka ya gina koyarwarsa a kan cewa mai nasara shi ne wanda ya fi saurin gani, ya fahimta, ya yanke shawara, ya aikata. Fentin yaudara mataki na biyu yake kai wa hari. Bai hana ka gani ba, fahimtar ya jinkirta.

Mutumin da ake danganta dabarar da shi ba injiniya ba ne, mai zane ne. Keith Ferris, ɗan wani matuƙin soja, shi ne ya zana katafaren hoton jiragen B-17 da ke bangon gidan tarihin jiragen sama na Washington, kuma a 1980 ya samu takardar mallakar wannan fasaha. Tunaninsa ya wuce gilashin ƙarya. Ya so a yi wa jirgi fentin toka kala-kala a yanke-yanke masu kusurwa, ɓangaren dama daban da na hagu, a kuma kawar da manyan tambura da lambobi masu launi, yadda ido zai rasa inda fiffike ya tsaya gangar jiki ta soma. Sojan ruwan Amurka sun gwada a kan wasu F-14 da F-4. Ba su ɗauki tsarin gaba ɗayansa ba, toka mai laushi suka koma wa, suka dusashe tamburansu. Abin da ya rayu daga aikin Ferris shi ne ɓangaren da ya fi araha, wanda galan ɗaya na fenti ya ishe shi.

Shi ma gado ya ci. A 1917, lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jiragen dakon kayan Ingila ba ƙaƙƙautawa, wani mai zanen, Norman Wilkinson, ya ce tunda ba yadda za a yi a ɓoye jirgin ruwa mai tuƙa hayaƙi a tsakiyar teku, to a yi masa ratsi-ratsi masu karo da juna, baƙi da fari da shuɗi. Mai harbi daga ƙarƙashin ruwa dole ya ƙiyasta saurin jirgi da inda ya dosa, sannan ya aika makaminsa wurin da jirgin zai iso, ba inda yake ba. In ya kasa gane gaba da baya, ya yi asarar harbi. Dubban jirage aka yi wa wannan ado. Da hukumar sojan ruwan Ingila ta bincika a 1918, alƙaluman ba su nuna ƙarara cewa dabarar ce ke ceton jirage ba, sai dai ta ƙara wa ma'aikatan jirgi ƙwarin gwiwa. Wannan ita ce ƙaddarar duk wani fentin yaudara: wanda ya ruɗu ya yi kuskure ba ya aiko da takardar shaida.

Shi kuwa fentin ɓuya, nasa sakamakon ya fi aunuwa, kuma ya saɓa wa abin da hankali ke fara bayarwa. Sama ta fi kowane fenti haske. Jirgi ko fari ne, in ya yi nisa baƙin ɗigo yake zama a idon wanda ke ƙasa. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Ingila masu farautar jiragen ƙarƙashin teku cikinsu baƙin fenti ne, domin asali don harin dare aka tanade su, sai ya zamana Jamusawa na hango su da wuri su nutse. Masu bincike suka ba da shawarar a mayar da su farare, gwaji ya nuna ba a ganin farin sai ya ƙara matsowa da kusan kashi 20 cikin 100. Amurkawa suka zarce nan. Suka jera fitilu a goshin jirgi da bakin fukafukansa, aka daidaita haskensu da na sama. A wani gwaji na 1945, jirgin Avenger mai fitilu ya matso har kusan kilomita uku kafin a gan shi, alhali wanda ba shi da su tun daga kilomita 19 aka hango shi. Kunna fitila da rana tsaka don a ɓuya! Zuwan rada, na'urar da ke gano jirgi daga nesa ba da ido ba, shi ya sa aka jingine dabarar. Tokar da muke gani yau jikar waccan fahimta ce, launi ne da ba ya faɗa da gajimare ko hazo. Yawanci akan ƙara wa ciki haske a ɗan duhunta baya don a kashe inuwa, tsarin da Allah ya yi wa barewa da kifi tun fil azal, wanda Abbott Thayer, wani mai zanen kuma, ya yi bayaninsa a littafi a 1909.

A nan ne dabarun biyu ke karo. Fentin da ya bambanta baya da ciki yana taimakon ɓuya, amma yana tona wa abokin gaba wane gefe yake kallo. Wanda ya sa sama da ƙasa suka zama ɗaya yana ruɗarwa, amma ya rage ɓuya. Dole mai zaɓe ya fara sanin wanda yake tsoro, da inda zai tsaya yana kallonsa.

Akwai kuma farashin da ba a cika faɗa ba: fenti bai san naka ba, bai san bare ba. A daren 11 ga Yuli 1943, a gaɓar tsibirin Sisili na Italiya, sojojin ƙawancen Amurka da Ingila suka buɗe wa jiragensu na dakon sojan laima wuta suna zaton na Jamus ne, suka kakkaɓo 23. Wannan na cikin abin da ya sa a Yunin 1944, da za a tsallaka zuwa Nomandi ta ƙasar Faransa, aka watsar da zancen ɓuya, aka shafa wa jirage ratsin fari uku da baƙi biyu a fukafukai da gangar jiki, wasu ma da burushi cikin gaggawa. Lissafin a fili yake: jiragen Jamus sun yi ƙaranci, bindigar ɗan'uwa ta fi ta maƙiyi haɗari. Shekara 50 bayan nan, ranar 14 ga Afrilu 1994, F-15 biyu na Amurka suka harbo jirage masu saukar ungulu biyu samfurin Black Hawk na ƙasarsu a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka mutu. Matuƙan sun wuce kusa, sun duba da idonsu, suka ce Mi-24 ne na Iraƙi. Babu wanda ya yi niyyar yaudararsu. Idan ido na yin irin wannan kuskure ba tare da an tura shi ba, ba abin mamaki ba ne ɗan tabon fenti ya karkatar da shi.

Ta fuskar halacci, Bahaushe ya riga ya ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya tabbatar da cewa yaƙi yaudara ne, tare da cewa malamai sun haramta karya alƙawari da cin amanar wanda aka ba aminci. Dokar ƙasa da ƙasa kusan nan ta tsaya. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya halatta ɓad-da-kama da kafa kayan yaƙi na bogi, amma ya hana kai hari da tutar abokin gaba ko tambarinsa, ya kuma hana fakewa da alamar masu agaji. Gilashin ƙarya halas ne. Zana tambarin wata ƙasa a fiffike a je a jefa bam laifi ne. Jiragen Amurka da ake gani da fenti irin na Rasha a sansanin Nellis na jihar Nebada ba su shiga wannan ba, don atisaye aka yi su, su ne ke taka rawar maƙiyi domin idon matuƙa ya saba.

Tambayar da ta rage ita ce ko wannan duka yana da sauran amfani yau. A ganina ya ragu ƙwarai, ko da yake bai mutu ba. Rada ba ta ganin launi. Makami mai linzami da ke bin zafin inji bai damu da inda gilashi yake ba. Tun da Tarayyar Sobiyet ta haɗa makamin R-73 da hular kwanon da ke saita harbi inda matuƙi ya kalla, a shekarun 1980, zagayawa bayan abokin gaba ya daina zama sharaɗi. A arangamar Indiya da Pakistan ta Mayun 2025, jiragen ɓangarorin biyu sun yi ta aika wa juna makamai kowa na cikin sararin ƙasarsa, ba wanda ya ga fentin wani. Fentin da ake kashe wa kuɗi yanzu shi ne mai shanye igiyar rada, irin na F-35, wanda aikinsa a sinadarinsa yake. To amma dokokin fagen fama sukan tilasta wa matuƙi ya matso ya tantance da ido kafin ya harba, kamar yadda aka yi wa Amurkawa a Biyetnam, kuma makamai kan ƙare ko su kuskure. Abin da ba ya ƙara wa jirgi nauyi, ba ya shan mai, ba ya lalacewa, ko sau ɗaya ya yi aiki a cikin dubu ya biya kuɗinsa. Shi ya sa Kanada ba ta goge nata ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yaƙin Rasha da Yukren ya farfaɗo da sana'ar ta wata ƙofa. Mai kallon ne ya sauya. A da idon matuƙi ake ruɗawa, yanzu kyamarar tauraron ɗan Adam ce da ta jirgi maras matuƙi, da manhajar da aka koya wa gane siffar jirgi. A 2023 hotunan tauraro suka nuna Rasha ta zana hotunan manyan jiragenta a daɓen sansanin Engels, ta kuma jera tayoyin mota a kan fukafukan Tu-95 na gaske. A Bahar Aswad ta shafa wa gaba da bayan wasu jiragen ruwanta baƙin fenti don su yi kama da ƙanana, kusan abin da Wilkinson ya yi shekara ɗari da suka wuce. Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Zanen daɓe ba shi da inuwa, ba shi da zafi, har ma'aikatar tsaron Birtaniya ta nuna hoton mai saukar ungulu na Rasha ya sauka ɗare-ɗare a kan zanen jirgin yaƙi a wani sansani a Kirimiya, ya tona asirin da kansa. Kuma a harin 1 ga Yuni 2025, ƙananan jirage marasa matuƙa na Yukren sun ƙona jiragen da tayoyin ke kansu.

Mu a nan lissafinmu daban ne, domin ɓarayin daji ba su da jirgi. Najeriya ta taɓa ɗanɗanar hari daga sama a yaƙin basasa, lokacin da Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar a 1969, aka yi musu koren fenti a Gabon, suka riƙa shafar kan itatuwa suna afka wa filayen jirgi irin na Fatakwal. Yau kuwa haɗarin daga ƙasa yake tasowa, daga bindigar harbo jirgi da aka fi sani da AA. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet a yankin Zamfara yana dawowa daga aiki, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da laima ya tsira. Mai irin wannan bindiga yana fama da matsalar da mai harbin jirgin ruwa ya yi fama da ita a 1917, sai ya harba inda jirgi zai je. Nan gilashin ƙarya ke da sauran magana, kuma ba banza ba aka zana shi a cikin A-10, jirgin da aikinsa shi ne shawagi ƙasa-ƙasa a kan masu harbinsa.

Sai dai yanayinmu ba ya barin launi ɗaya ya wadatar. Dajin da ke tsakanin Batsari da Safana da Ɗanmusa kore ne shar a watan Agusta, zuwa Fabrairu ya koma ruwan ƙasa, sama kuma ta yi fari fat da ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi. Jiragen yaƙi samfurin Super Tucano 12 da suka iso Najeriya a 2021 sun zo ne wasu da fentin kurmi wasu da na hamada, amma wannan dabbare-dabbaren wanda ke kallo daga sama yake ruɗawa, ko ya ɓoye jirgi a fake. Ga mutumin da ke tsaye a gindin itace da bindiga, cikin jirgi kaɗai yake gani a jikin sama mai haske, kuma ya riga ya ji ƙararsa, in ma wani ɗan leƙen asiri bai kira shi a waya tun jirgin na tashi ba. Abin da ke kare matuƙinmu shi ne ya tsaya sama da inda harsashin AA ke kaiwa, kusan kilomita biyu, ya dogara da kyamara.

Daga wannan tsayin kuma yaudarar juyewa take yi, na ƙasa ne ke ruɗa na sama. Ɗan bindiga ya tura babur ƙarƙashin itace, ya shiga cikin shanu, ya kwana a ƙauyen da ya tilasta wa mutanensa yin shiru, kayan jikinsa irin na kowa. Wanda ke duban allo yana da 'yan sakanni ya yanke hukunci a kan ɗige-ɗigen da ke motsi, ko taron maƙiya ne ko na biki. A Rann ta jihar Barno, a Janairun 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85.